Yadda Ake Kula da Bargo Mai Cikon Ulu: Wanki, Shanya da Ajiya

Bargon da nake nufi shi ne mai hawa uku: yadi a sama, yadi a ƙasa, a tsakaninsu an shimfiɗa gashin tumaki da aka wanke aka tsefe, sannan aka bi da ɗinki aka haɗe su. Irinsa ne matan Amurka da na yankin Wales a Birtaniya suka daɗe suna ɗinkawa, su harhaɗa ƙyallaye masu launi daban-daban a fuskarsa. Turkawa ma suna da nasu mai kauri da suke kira yorgan. Mu kuwa yakan shigo hannunmu ta gwanjo, ko tsaraba, ko kuma zaman karatu da aiki a ƙasar sanyi ya sa mutum ya saya. Ga ɗumi ga rashin nauyi, kuma ba ya sa zufa irin ta bargon roba, domin ulu yana iya shan laima har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba.

Sai dai, uwargida, wankin da muka tashi muka gani a gida, wato a zuba omo, a cuɗa da ƙarfi, a murɗe, a rataya a igiya cikin rana, shi ne ajalin wannan bargo. Ulu gashi ne, kuma kowane silin gashin yana da ƙananan ɓawo a jere a jikinsa. Idan ya jiƙe, ya haɗu da zafi da sabulu mai kaifi, aka kuma cuɗa shi, sai ɓawon nan su sarƙe da juna, cikon ya ƙanƙance ya yi tauri. Da gangan ake yi wa ulu haka idan za a yi hular dara. To idan ya faru a cikin bargonki, babu mai iya warware shi. Ruwa shi kaɗai ba ya ɓata ulu. Zafi da cuɗa da mugun sabulu su ne masu ɓarnar, kuma duk matakan da ke ƙasa hanyar kauce musu ce.

Kayan da za ki tanada

- Babban baho wanda bargon zai shiga a sake. Bahon wanka na banɗaki ya fi, idan babu shi, babbar robar wankin biki ta isa.
- Ruwa mai yawa, mai sanyi ko mai ɗan ɗumin da bai wuce digiri 30 ba. Idan hannunki ya ji ɗumi sosai, ya yi zafi. Ruwan sama da aka tace ya fi ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa a cikinsa.
- Sabulun ruwa na wankin ulu, irin su Woolite ko Eucalan. Idan ba ki samu ba, shamfu na jarirai yana aikin.
- Tsofaffin zannuwan gado farare guda biyu ko uku, waɗanda ba sa zuba.
- Manyan tawul, iya yawan da kike da su.
- Farin ƙyalle, farin ruwan khal, allura da zare, da ƙaramin almakashi.
- Wurin shanya mai inuwa da iska, da tabarma mai tsabta.
- Mutum na biyu. Jiƙaƙƙen bargo ya fi ƙarfin hannu biyu.

Abubuwan da ba za su kusanci bahon ba kuwa su ne bilic irin su Hypo da Jik, domin sinadarin kulorin narkar da ulu yake yi ɗungurungum. Garin omo na yau da kullum, wanda yake da kaifi kuma yawancinsa yana ɗauke da inzayim mai cin tabon jini da na abinci, shi kuwa bai san bambancin tabon da ulun ba. Sai sabulun soda da sabulun salo da kanwa. Sabulun salo yana da kyau a wasu wuraren, amma da toka ake yinsa, kaifinsa ya yi wa ulu yawa. Buroshi ma a ajiye shi.

Mataki na 1: Ki tabbatar da abin da ke ciki

Yawancin barguna masu taushi da ke kasuwa foliyesta ne, ko da mai sayarwa ya rantse ulu ne. Ki fara duba ƙyallen bayanin da aka ɗinka a gefe. Tambarin Woolmark, mai kama da ƙullin zare mai kusurwa uku, wanda aka fara amfani da shi a 1964, yana nuna ulu ne zalla. Hoton baho da hannu a ciki yana nufin wankin hannu. Baho mai lamba 30 yana nufin inji zai iya, a wannan zafin. Bahon da aka soke da gicciye yana nufin kada ruwa ya taɓa shi, da'ira kuma tana nufin a kai wa masu dirai-kilin, wato masu wanki da sinadari ba da ruwa ba. Idan kin ga an rubuta Superwash, to an riga an sarrafa ulun a masana'anta, an rage kaifin ɓawon nan, don haka ya fi jure wanki. Ya fi jurewa ne kawai, ba cewa aka yi a dirje shi ba.

Bargon da aka ɗinka da hannu ba ya zuwa da ƙyallen bayani. Sai ki nemi inda ɗinkin baki ya ɗan saki, ki zaro ɗan tsinken cikon, ki riƙe da hantsaki ko bakin almakashi, ki kusantar da shi ga ashana nesa da bargon. Ulu yana ƙaurin ƙonannen gashi, wutar ta mutu da kanta, tokar ta murmushe a yatsa. Auduga tana ci bal-bal da ƙaurin takarda. Foliyesta narkewa take ta dunƙule ta yi tauri.

Daga nan ki dubi ɗinkin. Idan layukan suna kusa da juna, tazararsu ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, cikon yana riƙe da kyau, zai iya shiga ruwa. Idan kuwa ƙulli ne kawai aka yi nan da can, ko kin ɗaga shi ga haske kin ga cikon ya riga ya taru a wasu wurare, kada ki jiƙa shi gaba ɗaya. Shi wannan sai shan iska da goge tabo. Haka ma tsohon bargon da yadinsa ya fara ruɓewa.

Mataki na 2: Ki rage buƙatar wankin tun farko

Wannan matakin shi ne rabin aikin. Ulu ba ya riƙe wari kamar roba, kuma kowane wanki, komai lallaɓawa, yana rage masa kwana. Sau ɗaya a shekara ya wadatar, wanda ba a cika amfani da shi ba ma yana iya shekara biyu ko uku.

Kada jiki ya riƙa taɓa shi kai tsaye. Ki sa zanin gado tsakaninki da shi, ko ki ɗinka masa riga mai maɓalli. Dabarar Turkawa ta burge ni a nan: sukan shimfiɗa farin zani a ƙarƙashin bargon, su naɗo bakinsa ta sama, su bi da manyan ɗinki na allura. Idan ya yi datti sai a warware zaren, a wanke zanin kaɗai, a sake ɗinkawa. Man shafawa da man kitso duk a zanin suke tsayawa.

Kowane sati biyu ko uku, ki fitar da shi ki kakkaɓe a hankali, ki baza a inuwa awa biyu zuwa uku ya sha iska, ki juya ɗaya gefen. Lokacin hunturu ki rufa masa siririn zani don ƙura. Kada ki doke shi da sanda, zaren ɗinkin ne zai tsinke. Idan kina turara kayan gado, babu laifi, ulu yana kama ƙamshi sosai, amma ki ɗora shi a kan kabbasa nesa da garwashin. Ulu ba ya saurin kama wuta, yadin audugar da ke samansa kuwa yana kamawa, kuma turare mai maiƙo yana barin tabo idan hayaƙin ya yi yawa a wuri guda.

Mataki na 3: Tabo, tun yana ɗanye

Abin da ya zube, ki danna shi da busasshen tawul ya tsotse, kada ki goga. Sai ki sa wani tawul a ƙasa, ki jiƙa farin ƙyalle da ruwan sanyi mai ɗigon shamfu, ki riƙa dannawa daga bakin tabon zuwa tsakiyarsa, sannan ki bi da ruwa zalla.

Jini ruwan sanyi kawai yake so, ruwan zafi dafa shi yake ya zauna. Mai ko manja, ki barbaɗa hoda ko garin sitaci, ki bari ya kwana, ki kakkaɓe, sannan ki bi da shamfu. Fitsarin yaro kada ya kwana: ki tsotse da tawul, ki zuba ruwan sanyi a wurin kaɗai ya ratsa zuwa tawul ɗin ƙasa, ki maimaita, a ƙarshe ki bi da ruwa kofi ɗaya mai cokali ɗaya na khal. Lalle kuwa rigakafi ne maganinsa, domin yadda yake kama farce da gashi haka yake kama ulu. Daren ƙunshi a nemi wani abin rufa.

Mataki na 4: Gyara da gwajin zuba

Kafin ruwa, ki bi bargon kaf ki ɗinke duk inda ya yage ko zare ya saki, domin ƙaramar ɓula a bushe babbar yaga ce a jiƙe. Sannan ki jiƙa farin ƙyalle, ki danna shi a kan kowane launi na ɗan lokaci, musamman ja da baƙi da shuɗi mai duhu. Idan launi ya fito a ƙyallen, yadin yana zuba. Gishirin da ake cewa a zuba ba ya tsayar da rinin da aka riga aka gama. Zaɓinki biyu ne: ko dirai-kilin, ko wanki mai sauri cikin ruwan sanyi mai yawan gaske, ba tare da dogon jiƙo ba, da takardun nan masu tsotse launi da ake sayarwa a manyan kantuna.

Ki zaɓi ranar ma. Ƙarshen sanyi, wajen Fabrairu zuwa Maris, iska a bushe take, kuma daga nan ajiya za a yi. Wankin bargon ulu da damina neman fumfuna ne.

Mataki na 5: Wankin kansa

Ki cika bahon da ruwa tukuna, ki zuba sabulun kamar cokali biyu zuwa uku na cin abinci, ki dama ya narke. Kada ki zuba sabulu a jikin bargon, kuma kada ki bar ruwan famfo ya riƙa dukansa, wannan ma cuɗa ce. Yawan kumfa ba ya ƙara tsabta, ɗauraya kawai yake tsawaitawa.

Ki shimfiɗa zanin gado ɗaya a cikin bahon, bakunansa suna lilo a waje. Da shi za ku ɗaga bargon daga baya. Ki ninka bargon tsawo-tsawo, gaba da baya, ki kwantar da shi a kan zanin, ki danna da tafin hannu har iskar ciki ta fita ya nutse. Ulu yana da ɗan maiƙon halitta, ba ya shan ruwa nan take, sai kin yi haƙuri.

Ki bar shi minti 10 zuwa 15. Sai ki riƙa danna shi ƙasa da tafukan hannu kina saki, daga wannan gefe zuwa wancan, na 'yan mintuna. Iyakar motsin ke nan. Ba cuɗawa, ba goga yadi da yadi, ba tattakawa da ƙafa yadda ake yi wa manyan barguna. Hannu zai so ya koma wankin da ya saba, musamman idan kin ga ruwan ya yi baƙi, sai kin riƙe shi. Idan dattin ya yi yawa, canja ruwa a sake jiƙawa ya fi ƙara ƙarfi.

Don zubar da ruwan, ki tura bargon gefe guda, ki buɗe magudanar bahon ko ku karkata robar. Ki danna shi a jikin bahon ruwan sabulun ya fita. Sai sabon ruwa, wanda sanyinsa ya yi daidai da na farko, domin fita daga ɗumi zuwa sanyi farat ɗaya ma yana sa ulu ya ƙanƙance. Ki zuba ta gefen bahon, ki danna, ki zubar. Haka za ki yi ta yi, sau uku ko huɗu ko fiye, har ruwan ya fita garau ba santsi. A ɗaurayar ƙarshe ki sa khal cokali biyu zuwa uku, yana kashe ragowar kaifin sabulu, warinsa kuma yana tafiya idan ya bushe.

Idan za ki yi da inji: sai wanda ƙyallen bayaninsa ya yarda, kuma sai inji mai ƙofa a gaba, mai shirin wankin ulu, a digiri 30 ko ƙasa da haka. Bargon ya shiga a sake. Idan sai an tura da gwiwa, injin ya yi masa kaɗan. Inji mai buɗewa ta sama mai sanda a tsakiya, ki cika shi da ruwa, ki kashe, ki yi dannawar da hannu, sannan ki kunna matsewa kaɗai. Ƙaramin injin nan mai rami biyu, ɓangaren wankinsa murɗa kaya yake, kada ki sa. Matsewar inji ita ba ta da illa sosai, tunda bargon manne yake a jikin ganga ba ya gogar komai.

Mataki na 6: Fitar da ruwa

Ki bar shi a bahon da babu ruwa kamar rabin awa ya tsane, kina dannawa jefi-jefi. Kada ki murɗe, kada kuma ki kama kusurwa ɗaya ki ja, nauyin ruwan zai tsinka ɗinki ya ja cikon gefe guda. Ku kama bakunan zanin nan ku biyu, ku ɗauke shi a ciki. Ki baza shi a kan tawul, ki ɗora wasu a sama, ki naɗe su tare kamar tabarma, ki danna da hannu. Ki canja tawul ki maimaita. Idan tawul ba su isa ba, tsofaffin zannuwan auduga marasa zuba sun wadatar.

Mataki na 7: Shanya

A kwance ake shanya shi, ba a igiya ba. Ki shimfiɗa tabarma a inuwa, zani a kanta, bargon a kai, ki daidaita kusurwoyinsa huɗu da hannu ya koma siffarsa, ki rufa siririn zani saboda ƙura da kashin tsuntsu. Idan da gadon ƙarfe marar tsatsa ko gadon kara, ya fi tabarma, domin iska za ta shiga ta ƙasa. Idan wuri ya yi ƙaranci, ki jera igiyoyi huɗu ko biyar kusa da juna ki kwantar da shi a kansu duka, nauyin ya rabu. A ɗaki kuma fanka ta isa.

Ki riƙa juya shi bayan kowace awa uku ko huɗu, kina canja zanin ƙasa idan ya jiƙe. Rana mai zafi tana kashe launin yadi, tana sa ulu ya yi rawaya ya yi kaushi. Na'urar busarwa mai zafi kuma ta haɗa zafi da laima da juyi, wato duk abin da muke gudu. Ɗan warin tunkiya da za ki ji yana jiƙe ba matsala ba ne, zai tafi.

Yana iya ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa, domin yadin sama yana bushewa tun cikon yana riƙe da ruwa. Ki matsa wuri mafi kauri tsakanin tafukanki ki ɗan jima. Idan kin ji sanyi-sanyi, da saura. Bayan kin tabbatar ya bushe, ki ƙara masa rabin yini. Sai ku kama ku biyu ku girgiza a hankali ya tashi. Ba a yi masa guga, dutse yana kwantar da cikon, kuma taushin nan mai riƙe iska shi ne ɗumin.

Wani lokaci za ki ga silin ulu suna leƙowa ta cikin yadin, sun fi fitowa fili a yadi mai duhu. Kada ki ja, wani zai biyo wani. Ki datse da almakashi daidai fuskar yadin, ko ki soka allura ta gefe ki mayar da shi ciki.

Mataki na 8: Ajiya da maganin asu

Asu shi ne babban abokin gabar ulu, kuma ba mai tashin ne yake ci ba, tsutsarsa ce. Tana son duhu da wurin da ba a motsawa, ta fi kuma son ulu mai zufa ko ragowar abinci. Shi ya sa ba a ajiye bargo da datti.

Ki naɗe shi ko ki ninka a sake, ki sa a jakar auduga ko ki ƙunshe a zani. Jakar leda da Gana-mas-go suna tara gumi, jakar da ake zuƙe iskarta kuma tana murƙushe cikon. Kada ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bangon da ke laima, kada ya taɓa katako tsirara domin yana barin tabo ruwan ƙasa, kuma shi ne zai zama na sama a jerin kaya. Sau ɗaya a wata biyu, musamman da damina, ki fito da shi ya sha iska a ranar da gari ya washe, ki duba lungunan ninkin, ki sake ninkawa ta wata fuskar don kada layi ɗaya ya karye.

Busasshen ganyen darbejiya ko kanumfari a ƙulle cikin ƙyalle suna ɗan korar asu, amma ba sa kashe ƙwansa, kada ki dogara da su kaɗai. Kafur ɗin nan fari mai kama da alewa kuwa ina roƙonki ki nisanta shi daga abin rufa. Yawancinsa naftalin ne, wanda ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sayarwa a matsayin maganin asu tun 2008. Yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini ga masu ƙarancin sinadarin G6PD, larurar gado da ta yawaita a Afirka ta Yamma, kuma yana jawo wa jarirai shawara mai tsanani ko da ta shaƙa ne.

Idan kin ga ƙananan ɓuloli, ko wata 'yar saƙa fara, ko gari-gari kamar yashi a ninkin, asu ya shiga. Ki raba bargon da sauran kaya nan take. Idan kina da firiza mai kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili da wuta mai tsayawa, ki ɗaure shi a leda yana bushe, ki bar shi ciki sati biyu, idan kin fito da shi kada ki kwance sai ya huce, don raɓar ta tsaya a bayan ledar. Inda wuta ba ta zama, zafi ne mafita: ki ƙunshe busasshen bargon a baƙar leda, ki sa a mota a rufe cikin ranar bazara tun hantsi har la'asar. Zafin da ya kai digiri 50 na rabin awa yana kashe tsutsa da ƙwai, amma sai ya ratsa har tsakiya, don haka kada ki ninka shi da kauri. Zafin ba zai ƙanƙantar da shi ba muddin a bushe yake. Daga nan ki kakkaɓe shi a waje, ki ɗinke ɓulolin, ki share sif ɗin ko akwatin lungu-lungu ki goge kafin ki mayar.